Gayyar Sò Silya da Bokitai Uku

Duk wanda ya tashi a kan tudun nan da ke bayan garin Jeremi ya ci tuwon masarar Anasilya Dòvil, ko da bai san cikakken sunanta ba. Sò Silya kowa ke ce mata, wato Yaya Silya. Tun tana budurwa ita ce mai girkin gayya. In mutum zai yi sharar gona ko shukar wake, sai ya aika mata, ta zo da doguwar muciyarta, ta tsaya kan murhu har yamma. Bakinta kuwa ya fi barkonon miyarta zafi. Mijinta Oksilyen, Allah ya ji ƙansa, ya sha cewa bai taɓa cin gardama da ita ba, shi ya sa ya koma yi da jakinsa. 'Ya'yanta biyu suna Pòtoprens, babban birnin ƙasar, ɗaya ya tsallaka ƙasar waje yana aiko mata murya ta waya, autar kuma tana kwance kusa da ubanta a kabarin tsakar gida.

Da wata babbar guguwa ta zo a watan Oktoba, ba ta bar wa Silya rufi ba, ba ta bar mata ayaba ba, doyar ma ruwa ya tone. A cikin dabbobinta akuya ɗaya ce ta tsira, wata tsohuwa mai ƙaho guda, wadda aka tarar tsaye a kan kabarin Oksilyen tana tuƙa kamar ba abin da ya faru.

Sai taimako ya fara hawowa tudu. Aka ba ta tampol, aka ba ta shinkafa da sabulu. Ƙungiya ta fari ta ba ta bokiti. Ta biyu ta zo, ta tambaye ta halin da take ciki, ta ba ta bokiti. Ta uku ma haka. Silya ta jera su a bakin bukkarta, ta ce da duk mai wucewa ya zo ya ga dukiya, saura abin zubawa a ciki. Abin da ya fi ci mata rai shi ne layi: mace da ta ciyar da tudu guda, ga ta tsaye cikin rana ana shafa mata tawada a yatsa don kada ta dawo karɓa sau biyu.

Abu ɗaya ne ta karɓa da hannu biyu, buhun irin baƙin wake. In ya shiga ƙasa kafin ruwan shuka ya wuce, ta gama da layi. In bai shiga ba, ƙwari su cinye shi a buhu, ita kuma ta ci gaba da miƙa yatsa har baɗi. To amma gonar cike take da kututture da rassa da kwanon rufin mutane. Ba aikin tsohuwa ɗaya ba ne, aikin gayya ne.

Ta bi gida-gida ta yi gayyata, kamar yadda aka saba. Kowa ya ce in Allah ya yarda da shi za a yi. A tudun nan ba a ce wa mai gayyata a'a a kan idonsa, ita ma ta san haka, amma ta ɗauka cewa wanda ya ci tuwonta tun yana rarrafe ba zai ba ta kunya ba. Ta dubi akuyar, akuyar ta dube ta. Gayya ba nama zagi ne. Ta sa aka yanka.

Ranar ta zo. Ta dafa kofi, ta tuƙa tuwo, wake ya nuna, nama yana ƙamshi har gangare. Ta ɗauki ƙahon katantanwar teku na marigayi ta busa. Shiru. Ta sake busawa har kanta ya sara. Kare ɗaya ne ya amsa gayyatar.

Da ta leƙa ƙasa sai ta hango su, jere a bakin hanya cikin riguna masu ruwan ɗorawa, maza da mata, kowa da tsintsiya. Ashe wata ƙungiya ce ta ɗauke su aikin gyaran hanya, ana biyansu kullum. Duwatsun an daɗe da kwashewa, yanzu ganye suke sharewa, iska tana mayar musu da shi. Har da Tonton Dyefò, wato Kawu Dyefò, ubangidan baftismar autarta, mai ba da waƙar gayya, mutumin da ya taɓa sa ta a waƙa shekara guda cur saboda gishiri ya yi mata yawa sau ɗaya.

Silya ta tsaya tana huci. Sannan idonta ya faɗa kan bokitan nan. Ta wanke su tas, ta juye tuwo a ɗaya, wake a ɗaya, nama a ɗaya. Ta ɗora guda a ka, ta riƙe biyu, ta gangara tana tsine wa gwiwoyinta.

A bakin hanya ta sauke, ta buɗe murafu, ta zauna, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ne ya tsorata su, don ba wanda ya taɓa ganin Silya da baki rufe. Tsintsiyoyi suka rage sauri. Dyefò ya matso yana murza hula, ya fara ba da haƙuri, ya ce ta san halin da ake ciki, jikokinsa a ƙarƙashin tampol suke kwana, da wannan aikin zai sayi kwanon rufi. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta ƙara mata haushi.

"Wa ya tambaye ka, tsohon banza?" in ji ta, cikin murya mai laushi. "Abinci ne zai lalace. Ku zo ku ci."

Mutanen da suka yi makonni ba su ga nama ba, ba a sake musu tayi. Suka yi da'ira. Har mai kula da aikin, wata budurwa 'yar Pòtoprens mai suna Jislèn, wadda biskit ya ishe ta, Silya ta yafuto ta, ta ce 'yata zo ki sa wani abu a cikinki, kin yi kama da sandar tsintsiya. Dyefò ya ci, ya ƙara, ya tsotse ƙashi.

Sai da gindin bokitai ya bayyana Silya ta miƙe, ta karkaɗe zane.

"Kun ƙoshi?"

Suka ce sun ƙoshi, Allah ya saka.

"To, abincin gayya kuka ci."

Wata mata ta ajiye cokali a hankali, kamar hakan zai mayar da abin da ta haɗiye. Kowa ya san ƙa'ida: wanda ya ci tuwon gayya bai riƙe fartanya ba, sunansa zai shiga waƙa, a rera shi a kowace gona har jikokinsa su gaji da ji. Silya ta ce da Dyefò, tunda shi ne mai waƙar, ya fara da sunan kansa, don shi ya cinye cinyar.

Aka juya ana kallon Jislèn. Ita kuwa ta ce ba ta da ikon sakin kowa, aikin jama'a aka ba ta, ba gonar mutum ɗaya ba, kuma in motar ofis ta zo ba ta gan su ba, kowa ya rasa aikinsa. Amma in rana ta karkata ta sallame su, inda suka nufa ba ruwanta.

"Da ruwanki mana," in ji Silya. "Ke ma kin ci."

Haka Silya ta zauna a bakin hanya tana gadin su, tana kallon hadari yana haɗuwa ta wajen teku, tana kallon manyan mutane suna bin ganye da tsintsiya, tana ƙunƙuni. Da aka tashi, suka hau tudu da rigunansu na ɗorawa. Maza suka kama kututture da adda, mata suka bi baya suna jefa iri. Jislèn ta riƙe fartanya kamar mai riƙe da maciji, hannunta ya yi bororo, ba ta ajiye ba. Dyefò ya ɗaga murya, kuma waƙar da ya ƙirƙira a take cewa take yi akuyar Sò Silya ta girme shi, haƙoransa biyu sun tafi wajen cin ta. Jama'a suka amsa da ƙarfi. Silya ta jefe shi da hoge.

Ruwa ya sauko kafin a kai gangaren gonar. Wajen kashi biyu cikin uku aka shuka, sauran yana nan da kututturensa. Wanda aka shuka ɗin ya tsiro, ya yi yabanya, ya ba ta abin ci da abin kai wa kasuwa, kuma tun daga girbin nan ba a sake ganin yatsanta da tawada ba. In ka je yau za ta nuna maka layin da Jislèn ta shuka, ta ce ko ƙaguwa ta fi shi tafiya daidai. Za ta gaya maka ba ta da akuya, waƙar kuma har yanzu ana yin ta.

Sati guda bayan gayyar, wata sabuwar ƙungiya ta hawo tudu, ta zauna da ita, ta saurari duk abin da ya same ta da natsuwa. Da za su tafi, suka ba ta bokiti.