Miya a Kwanon Kaji

Jama'a, yau baƙina sun sha miyar da na dafa a kwanon kaji, har da neman ƙari!

Kun san tun da sojoji suka hau mulki aka rufe iyaka, gaz na girki ya yi wuya a Tasawa. Nawa ya ƙare jiya. Reshon lantarki kuwa, kafin ya tafasa ruwa an ɗauke kuran, ba wuta. Shi ne Sani, ƙanen maigidana, ya kawo mini wani murhu daga Yamai, baƙin gilashi sumul, wai indiksiyon, shi ma na lantarki amma mai sauri.

Da hantsi sai ga kawunnan maigida uku daga Kanan-Bakashe. Maƙwabciya ta tuƙa mini tuwo, saura miya. Na aza tukunyar dalma, murhu ya yi tit-tit ya ƙi. Na canza tukunya uku, duk ɗaya.

Na kira Sani. Ya ce, "Yaya, ba ya aiki da dalma. Sai ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa."

Na ciro maganaɗisun tsohuwar rediyo, na bi gidan kaf. Abu ɗaya ya kama, tsohon kwanon da kajina ke shan ruwa. Na dirje shi da toka sau uku, na yi bismilla. Kafin in gama daka daddawa, ruwa ya tafasa!

Kawu Idi ya suɗe yatsu ya ce, "'Yata, ƙaro mana."

Cikin sauri na ɗauko miyar a kwanon da na dafa ta. Sai ga kaji bakwai a bayana, reras, har kan tabarma.

Kawu Idi ya ce, "Kajin nan suna son ki ƙwarai."

Na ce, "Kawu, ba ni suke bi ba."