Malam Uzairu, Mai Ceton Kaset na Rikkos

Ƙarfe takwas na safe Malam Uzairu ke buɗe shagonsa a unguwar Rikkos da ke Jos. Ya goge manyan sifikokinsa biyu, ya kunna na'ura, ya zauna. Wata rana har la'asar ba mai yi masa sallama sai masu tambayar hanya.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran tsofaffin kaset da danshi ya lalata. Yakan ƙulla zaren da ya tsinke, ya kwashe abin da ke ciki zuwa memori. Tun kafin nan makaɗin gurmi ne, su biyar suke zagaya bukukuwa daga Dutse Uku har Bukuru. Yau shi kaɗai ya rage.

Duk wanda ya ji sifikokinsa sai ya ce kamar mawaƙin yana cikin ɗakin. Shi kam ba ya yarda.

"Na'ura tana kama sauti, ba ta kama taro," in ji shi. "Ina cikin kiɗa wata tsohuwa za ta ɗaga kai, sai in sauya hannu dominta. Kaset kuwa, ko sau dubu ka sa, bai san ka ɗaga kai ba."

Bara wata mata mai suna Chundung ta zo masa da kaset a ƙulle cikin leda. 'Yar Dung ce, mai gangar ƙungiyarsu. Tun da rikici ya raba unguwanni abokan biyu ba su sake kiɗa tare ba, har Dung ya rasu.

"Baba, a cire surutun mutane, a bar mini ganga kawai," ta ce.

Kwana uku ya yi a kai. Ya share ƙarar tsufa, amma ya bar wata dariya a tsakiyar waƙa.

"'Yata, wannan dariyar mahaifinki ce, ni na kuskure baiti ranar. In na cire ta, ganga kaɗai za ki tafi da ita."

Sau huɗu Chundung ta sa aka maimaita wurin, tana share hawaye da bakin zane.

Habiba, telar da ke kusa da shagon, ta ga abin da ya biyo baya. Da matar ta tafi, Malam Uzairu ya sauko da gurminsa daga bango, ya kunna kwafin kaset ɗin da ke na'urarsa, ya bi gangar. Yatsu sun yi nauyi, ya ɗan makara, gangar ta wuce abinta. Ya ajiye gurmin a cinya ya ce, "A da in na makara, Dung jirana yake yi."

Yanzu kunnensa na hagu ya soma mutuwa, ƙarshen wata zai rufe shago. Akwai kaset sama da ɗari biyu da ya gyara, masu su ba su dawo ba.

Malam Uzairu, kai ne ka mayar wa marayu muryar iyayensu, kai kuma kana zaune ba abokin hira. Kunnen Jos, mun gode. Allah ya saka maka da alheri.

Matasa masu aikin sauti, ku je ku koyi haƙurinsa tun shagon yana buɗe. Mai kaset a wurinsa ya je ya karɓa, amma kada ya yi saurin tashi. Ya zauna, ya roƙe shi ya kaɗa gurmin ko baiti ɗaya ne. In ya makara, a jira shi.