Shelar da Kawu bai yi ba

Babban yatsana ne ya zame. Na nufi gurup ɗin abokaina na lakwal, wato makarantar boko, sai na latsa gurup ɗin gari, na jefa wayar aljihu, na tafi ba awaki ruwa ina dariya ni kaɗai.

Kawuna, ƙanen innata, shi ne mai shelar ƙauyenmu da ke kusa da Korgom. Tun kafin a haife ni yake zagaya unguwanni da ganga, ya buga sau uku, ya yi tari, sannan ya ce, "Jama'a, mai gari na gaishe ku." In ya buɗe murya har shanun can garin Issawane sai sun ɗaga kai. Da rabin samarin gari suka tafi cirani, mai gari ya ce a riƙa ɗaukar shelar a waya ana turawa gurup don su ma su ji. Kawu bai iya latsa komai ba, ni nake riƙe masa wayar, ni nake turawa. Duk saƙon da ya fito daga lambata da wannan tarin, an san maganar mai gari ce.

Shekarar nan ruwa ya ɗauke bayan shuka, hatsi ya bushe yana iya gwiwa. Sojoji ke mulki, rediyo kuma kullum gargaɗi take yi a kan masu yaɗa labarin ƙarya a waya. Ni kuwa aikina kwaikwayon muryoyin mutane don abokaina su yi dariya. Ran nan da hantsi na sa wayar tana ɗaukar murya, na kife robar wanki a bayan rumbu, na buga sau uku, na yi tarin Kawu, na ce hatsin taimako ya sauka Tasawa, kowa ya tafi da amalanke, mai jaki biyu za a ƙara masa da taliya, mai sanƙo kuma a ba shi man shafawa.

Na ɗauka duk wanda ya ji zancen sanƙo zai gane wasa ne. Ba wanda ya saurara har wurin. Kafin in dawo daga rijiya ana ta ɗaura wa jakuna amalanke, wata tsohuwa tana kakkaɓe buhunan da suka shekara a rataye. Na goge saƙon, amma ya riga ya tsallaka wayoyin ƙauyuka uku.

Washegari masu amalanke suka dawo da buhuna a naɗe. Suka tsaya ƙofar Kawu, ya fito yana rantsuwa bai yi shela ba, wani ya kunna masa muryarsa a fuska. Ya saurara, ya sake saurara, ya ce, "To, tarin dai nawa ne."

Ni kuwa na sulale na koma gida. Kwana biyu duk babur ɗin da ya wuce sai in ruga bayan gida, na yi ta zarya har hanyar ta yi santsi. A rana ta uku jandarma biyu suka zo suka tafi da Kawu Tasawa don a yi masa tambayoyi. Inna ta zauna bakin murhu ba ta hura wuta ba.

"Inna, ni ne," na ce.

"Kai ne mi?"

Da na gama bayani ba ta buge ni ba, ta dai aika a kira Baba daga gona. Ya goya ni a babur, muka hau kwalta sai Tasawa.

A ofishin jandarma, Kawu na zaune kan benci, hularsa a hannu. Shugaban jandarman ya kunna saƙon, ya dube ni sama da ƙasa.

"Wannan muryar daga wannan wuyan? Yaro, so kake ka ceci kawunka."

"Wallahi ni ne, shef."

"To yi mu ji."

Na buɗe baki, abin da ya fito ko ɗan tsako sai ya raina shi. Na sake gwadawa, ya fi na farko muni. Shugaban ya jawo takarda ya fara rubuta sunan Kawu.

"Kai, shashasha," in ji Kawu daga benci, "daga ciki ake ɗauko ta, ba daga hanci ba. Yi tarin tukuna."

Na yi tarin. Na buga tebur sau uku, na rufe ido, na gaishe da jama'a da sunan mai gari, na kai har wurin masu sanƙo. Wani jandarma da ke bakin ƙofa, mai sanƙo, ya fita waje. Shugaban ya ajiye biro. Ya sa na ɗauki sabon saƙo da muryata ta gaskiya, na ce ni na yi ƙarya, na tura gurup a gabansa, sannan ya miƙa wa Baba wayar.

An sallami Kawu kafin la'asar. Bai sake yarda a ɗauki muryarsa a waya ba, ya koma ganga da ƙafa, ƴan cirani kuma suka daina jin shelar gari. Bai amsa gaisuwata ba sai da damina ta sake faɗuwa.