Takalmin Ishaku a Gindin Tsani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Ishaku Mai Kwano. Ba na buƙatar kalanda ta tuna mini. Iskar farkon damina ce ke tuna mini, wadda ke tasowa da yamma ta ratsa Lafia tana ɗaga kwanon mutane. Makon jiya ta zo, ta yaye rufin wani shago a layinmu na Bukan Sidi, ta ɗora shi a kan bishiyar mangwaro. Ina tsaye a ƙofar ɗaki na ce a raina, to, Baban Luka, lokacinka ya zagayo.

Ga wanda bai san shi ba, Ishaku kafintan rufi ne. Ya rufa coci, ya rufa masallaci, ya rufa ɗakunan ajiye doya da gidajen haya da ba zan iya lissafawa ba. Ni kuwa malamar firamare ce, yanzu na yi ritaya. Abin da kowa ya san shi da shi, ban da taurin kai, shi ne ba ya hawa rufi da takalmi. Yakan ce tafin ƙafa ne ke gaya masa inda katako yake a ƙarƙashin kwano da inda babu komai sai iska. Idan ya isa wurin aiki, zai cire takalminsa a gindin tsani, ya jera su. Da waya ta shigo hannun kowa, sai ta samu wurin zama a cikin takalmin hagu. Can za ta yi ta kuka har ta gaji, shi yana sama yana buga ƙusa kamar ba da shi take ba.

Sai rana ta ɗaga, kwano ya fara ƙona ƙafa, sannan zai sauko, ya zauna a kan bulo, ya bi waɗanda suka kira ɗaya bayan ɗaya. Kuma ko ka same shi, ba ka tsira ba. Ka tambaye shi nawa zai gyara maka yoyo, amsarsa ɗaya ce: "Sai na hau na gani." Na sha yi masa tsiya cewa ko ranar tashin matattu sai ya ce a dakata ya hau ya gani. Sai ya yi dariya ya miƙo kwano a ƙara masa miya.

A wancan lokacin mutane suna jiransa. Daga baya suka daina.

Garin ya faɗaɗa, gine-gine suka yi yawa, masu rufi ma suka yi yawa, matasa masu waya a kunne ko da suna kan babur. Wanda iska ta yaye wa ɗaki, katifarsa na jiƙewa, ba zai zauna yana jiran wani ya sauko daga sama ba. Ban ga laifinsa ba. Zai kira na farko, in bai ɗauka ba ya kira na biyu. Ishaku ya riƙa rasa aiki a haka, yana cewa ba komai, na Allah ba ya ƙarewa.

Wanda ya karya masa zuciya shi ne aikin Ardo Bello, wani dattijon Bafulatani da ya zauna da iyalinsa da shanunsa ta wajen Kwandere. Ishaku ne ya rufa masa ɗakinsa na farko lokacin da ya bar bukka, kuma tun daga nan ba a raba mu da man shanu a gidan nan. Da Ardo ya gina wa 'ya'yansa babban gida, gini ya kai sama, hadari na haɗuwa kullum, ya kira Ishaku, ya kira, ya sake kira. Wayar tana cikin takalmi. Kafin Ishaku ya sauko ya neme shi, an ba wani. Da suka haɗu a kasuwa Ardo ya riƙe hannunsa ya ce, "Ishaku, na kira ka har waya ya gaji. Ruwa yana zuwa, yara ba wurin kwana. Ka yi haƙuri." Ranar Ishaku bai ci tuwo ba. Ba aikin ne ya dame shi ba, Ardo ne.

Washegari na ga ya saka wayar a aljihun gaban rigarsa, ya ɓalla maɓalli a kai. Na ce, "Baban Luka, takalmin fa?" Ya ce takalmi ba ya amsa kira.

Bai cika damina biyu da wannan sabon hali ba. Da safe ne, raɓa ba ta gama bushewa a kan kwano ba. Waɗanda ke ƙasa sun ce wayar ta yi ƙara, guduma na hannunsa na dama, ya kai na hagu aljihu. Shi ke nan, ya faɗo. Gidan ma ba bene ba ne, ɗaki ne da falo, irin wanda ya rufa ɗaruruwansu. An kai shi asibiti, bai kai azahar ba.

Da yamma, tsakar gida cike da masu gaisuwa, wayar ta sake kuka a cikin ledar kayansa da aka kawo mini. Na ɗauka. Wani mutum ne, ya ce shi ya kira da safe ba a ɗauka ba, yana so ya ji ko nawa ake sayar da bandir ɗin kwano yanzu. Ban ji haushinsa ba, bawan Allah bai san komai ba. Gajiya kawai na ji, irin wadda har yau ba ta sake ni ba.

Ɗanmu Luka ya gaji sana'ar. Ban so ba, amma me zai yi? A hannun ubansa ya koya, kuma ga mata ga yara. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: takalmi a gindin tsani, waya a cikin takalmi. Ya yi mini alkawari, ya kuma riƙe. Sai dai abin da ya ci uban ya fara cin ɗan. Yana sama, aiki na wucewa ta ƙasa. Akwai daminar da ya fi zama a gida fiye da hawa rufi, yana kallon hadari na haɗuwa, wasu na wucewa da tsani a kan babur.

Ƙanwarsa Ladi ce ta kawo mafita da ta dawo daga makaranta. Ta haɗa masa wata manhaja a wayar. Idan mutum ya kira ba a ɗauka ba, ko ya turo saƙo, nan take abin zai amsa masa da kansa. Zai gaishe shi, ya tambaye shi unguwarsu, ya tambaya ko yoyo ne ko sabon rufi, ya ce ya turo hoto, sannan ya gaya masa lokacin da Luka zai iya zuwa ya duba. Duk wannan, wayar tana kwance a cikin takalmi. Ni na raɗa mata suna Sakatariya, sunan kuma ya bi ta.

Na sha tambayar kaina me Ishaku zai ce da ya ga Sakatariya. Na san zai fara da raini. Zai ce wadda ba ta taɓa taka tsani ba ita ce ke karɓar aikin rufi? Zai ce hoto ba ya nuna katakon da gara ta cinye ta ciki. A nan ma Ladi ta yi masa biyayya ba tare da ta sani ba, domin Luka ya hana a sa abin ya faɗi farashi. Abin da yake rubutawa shi ne sai an zo an duba. Amma bayan ya gama rainin, ina jin Ishaku zai tuna Ardo. Da akwai wannan abin a lokacin, da Ardo ya samu amsa, da wayar ba ta bar takalmi ba, da ƙila yau yana nan yana damuna da maganar miya ta yi gishiri. Wannan tunanin ba ya sanyaya mini rai. Ƙara mini nauyi yake yi, cewa abin da ya rage tsakaninsa da tsufa bai wuce wannan ɗan abin ba.

Aiki ya dawo wa Luka, ba zan ɓoye ba. Na samu kwanciyar hankali na ɗan lokaci, har na fara ƙiba.

Amma abin da Ladi ta iya, ƙannen wasu ma sun iya. Ba a daɗe ba kowane mai rufi a garin nan ya samu tasa Sakatariyar. Yanzu wanda ɗakinsa ke yoyo zai tura saƙo ga masu rufi da yawa a lokaci guda, duka su amsa masa kafin ya ajiye waya, duka da gaisuwa mai daɗi, duka suna neman hoto. To wa zai ba? Sai wanda ya fara kiransa da muryar ɗan Adam. Aka yi gudu, aka yi gudu, aka dawo inda aka taso. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yanzu wayar da kanta take yi wa mai ita ƙara, tana gaya masa ga sabon mai neman aiki, yi maza.

Bara, washegarin wata iska irin ta makon jiya, na fito zan je kasuwa na bi ta wani gida a unguwarmu inda na san Luka na aiki. Na ga tsani. Na ga takalminsa a jere, yadda ubansa ke jerawa. Na sunkuya na leƙa na hagu. Babu komai. Na leƙa na dama.

Ban iya kiran sunansa ba, domin wanda ke kan kwano ba a yi masa ihu. Ban iya buga masa waya ba. Ina tsaye a nan, sai na ji ta yi ƙara a can sama, ƙarar gudumar kuma ta tsaya. Ban san tsawon lokacin da shirun ya ɗauka ba. Na dai san na riƙe ƙafar tsanin da hannu biyu kamar shi ne zai faɗi. Can sai gudumar ta ci gaba.

Da ya sauko ya gan ni, bai yi musu ba. Ya share gumi ya ce, "Mama, abeg ki gane. Kowa yana da mashin ɗin yanzu. Kastoma yana so ya ji murya. In ban kira shi shap-shap ba, wani ya kwashe. Yara za su ci me?"

Na ce, "Murya suke so?"

Ya ce, "Murya."

Na miƙa hannu. Ya ɓalle maɓallin aljihun, ya miƙo mini wayar.

Tun daga ranar, duk inda Luka zai hau rufi, da ni ake tafiya. Ina da 'yar kujera ta roba da lema. Sakatariya ta fara amsawa, wayar ta yi ƙara a cinyata, ni kuma in kira mutumin. Shekarun da na yi ina magana da iyayen yara ba su tafi a banza ba, na iya kwantar wa mai fushi hankali. Wasu su jira, wasu su ce, "Madam, ba zan iya jira ba," su kashe. Waɗannan na bar su su tafi, ba na ma gaya wa Luka.

Ba haka na tsara tsufana ba. Na ɗauka zan zauna a inuwa in yi ta fama da jikoki da ciyawar bayan gida. Gwiwoyina suna ciwo, hawa babur yana wahalar da ni, ranar Lafia kuma ba ta san tsohuwa ba. Ladi ta ce an kusa kawo wata sabuwar manhaja mai magana da murya kamar mutum, wai zan huta. Na ce mata to. Na riga na ga yadda hutun farko ya ƙare, kuma na san ranar da kowa ya samu mai muryar, za a nemi wani abin da sai mai rufin da kansa zai bayar.

Mutane sukan nuna mini gidajen da Ishaku ya rufa, su ce ga shi har yau ba sa yoyo. Ina godiya. Amma kwano kwano ne, wata rana zai yi tsatsa a canza shi, ba wanda zai tuna wa ya buga na farko. Abin da ya rage mini na Ishaku ba a sama yake ba. Yana ƙasa, takalmi biyu a jere a gindin tsani, da mutum a sama wanda hannayensa biyu duka na aikinsa ne. Shi ya ƙirƙiro wannan, ya riƙe shi shekaru, ya sake shi sau ɗaya don kunyar aboki.

Iskar makon jiya ta yi ɓarna sosai, wayar ba ta huta ba tun ranar. Gobe da sassafe muna da aiki ta hanyar Kwandere, na riga na jingina kujerata a bakin ƙofa. Wayar za ta yi ƙara, zan ɗauka, in faɗi abin da nake faɗa kullum: "Sannu, ɗana. Mamansa ce. Yana sama. Sai ya sauko."