Ƙasusuwan da Malam Ɗanjumma Yake Dakawa

Ina tsaye a tashar Birnin Kebbi ranar Talata da hantsi, direban motar Argungu ya riƙo hannuna ya ce, "Malam Sani, ba ka jiya ba? Mutumenka Ɗanjumma ya rasu, jiya anka kai shi." Na yi salati, na nemi benci na zauna. Baƙin ciki ya zo, amma fushi ya riga shi, kuma har yau bai sake ni ba.

Shekara shida muka yi tare a gonar kifin wani Alhaji, a bakin fadama kusa da Argungu. Ni na yi karatun aikin gona, ina yawo da ma'aunin zafi a aljihu. Shi ɗan masunta ne, gwiwar hannu kawai yake tsomawa a tafki, kuma da wuya mu saɓa. Idan ruwa ya yi sanyi sai ya rage abinci, ya ce, "Kihi ba ya ci da ɗari, kar ku ɓata mai ruwa." Idan bazara ta shigo, ruwa ya ɗumama, tarwaɗa ta buɗe ciki, sai ya bi mahauta yana tattara ƙasusuwa. Ya ƙone su, ya daka, ya tankaɗe, ya gauraya da dusa da ƙuliƙuli. Yakan ce, "In ruwa ya yi zahi nama na gudu, ƙashi na baya. Ba shi abin da zai cim mai." A littafina sunan sinadarin da ke cikin ƙashin nan fosfaras. Malam bai san sunan ba, aikin ya sani.

Sai aka kawo mana sabon manaja, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda saninsa da kifi bai wuce na cikin miya ba. Ya ga Malam yana ƙona ƙashi a bayan sito, ya garzaya ya ce ana yi wa tafki tsafi. Aka hana. A wannan bazarar kifin ya ci dusa zalla, ya yi teɓa, ƙashinsa ya yi laushi, bayansa ya lanƙwashe kamar lauje. Maimakon Alhaji da manaja su gane ɓarnar da suka yi, sai suka ce ga shi nan, sammu ya kama. Suka kori dattijo da sunan matsafi. Mutumin da ba ya fashin jam'i, aka koma ana matsawa idan ya shigo sahu.

Kafin a kore shi Alhaji ya kira ni ya ce, "Kai mai boko, mi ka gani?" Na san gaskiya sarai. Na ce, "Ranka shi daɗe, sai an bincika." Tsoron rasa aiki ya sa na faɗi haka, kuma ba wanda ya bincika komai. Malam bai taɓa yi mini gori ba. Duk sanda muka haɗu, tambayarsa ɗaya ce, ko kifin ya miƙe.

Ranar Laraba na je gaisuwa. Na tarar da manajan nan a kan tabarma, yana jan carbi yana cewa, "Wallahi mutumen kirki na." Na miƙe a gaban jama'a na ce ƙashin da Malam yake dakawa abinci ne, ba tsafi ba. Hana shi ne ya lanƙwasa kifin. Ƙarya aka yi masa, kuma da saninmu. Manaja ya sunkuyar da kai.

Bello, babban ɗan marigayi, ya dube ni ya ce a hankali, "Baba Sani, da ka hwaɗi haka tun shina da rai."

Na sa takalmana na fita.

Ya Allah ka jiƙan Malam Ɗanjumma, ka yalwata masa kabarinsa, ka wanke shi a can fiye da yadda muka kasa wanke shi a nan. Ka ba matarsa Inna Hajo da Bello da ƙannensa haƙuri, ka tsare musu mutuncinsu. Waɗanda suka yi ƙagen, ka san su. Ni da na yi shiru, wanda zan roƙa gafara yana ƙarƙashin ƙasa, saura kai kaɗai.