Yadda Hamma Bakari Ya Yi Kiwon Mota

Yayana Bakari, wanda muke kira Hamma, bai taɓa cin kwabon wani ba a rayuwarsa. Amma yau in ka gan shi zaune a ƙofar gidansa a unguwar Bolewa cikin Potiskum, kai a sunkuye, sai ka rantse wani babban laifi ya aikata. Ni Ummul-Khair, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, na san abin da ke cinsa. Tunda shi ba zai buɗe baki ba, bari ni mai bakin in faɗa.

A ruga aka haife mu, can bayan Fika, mu uku: Hamma, sai Mu'az, sai ni auta. Tun bai fi tsawon sandarsa ba Hamma yake bin shanu. Da makiyaya ta fara ƙaranci, gonaki suka cinye burtali, sai muka dawo Potiskum, ya zama dillali a kasuwar shanu. Ku je ku tambaya, har gobe sunansa na nan. Mutum zai bar masa bijimai ya tafi Kudu ya yi wata da watanni, ya dawo ya same su sun fi yadda ya bar su. A wurinmu haka ake riƙon saniyar amana: ba ka sayarwa, ba ka wahalar da ita, inuwar da ta fi kyau ita za ka ba ta, ranar da mai ita ya zo ka miƙa masa har da 'ya'yanta. Da wannan karatun Hamma ya tashi, kuma bai taɓa koyon wani ba.

Mu'az kuwa, Allah ya jiƙansa, tun yana yaro ba ruwansa da saniya, ƙarfe yake so. Ya yi ta fama har ya sayi wata tsohuwar Fijo ta hannu, fara, yana ɗaukar fasinja daga Potiskum zuwa Gadaka da Fika. Kwanciyar 'yan kwanaki ya yi, ya rasu, ya bar matarsa Baraka da 'yarsu ɗaya tilo, Amatullah, ko makaranta ba a sa ta ba.

Da malamai suka zo rabon gado, abin da aka samu mai daraja shi ne motar nan da wasu karsana ramammu da ya gada a wurin mahaifinmu. Aka yi musu kuɗi, mota ta fi. Hamma ya miƙe ya ce a sa motar a kason yarinya, shi ya yarda da ramammun.

"A ba marainiya mai kyan," in ji shi. "Ni na saba da ƙashi da fata."

Kowa ya sa masa albarka, har da ni. Baraka ta gama takaba ta koma gidan iyayenta a Gadaka da yarinyar. Mota ta zauna a hannun Hamma, amana, sai Amatullah ta girma ta karɓi abinta.

To, daga nan kiwon ya fara. Hamma bai iya tuƙi ba, bai kuma yi niyyar koya ba. Ya kori raguna daga rumfar da ta fi kowace sanyi a gidan, aka tura motar ciki, kusa da inda yake tara harawa da buhunan dusa. Ya sayo tamfol sabo ya lulluɓe ta. Kullum da safe sai ya yaye, ya kwarara mata ruwa bokiti-bokiti har ƙarƙashi, ya shafa bayanta da tafin hannu, ya mayar da tamfol tun ba ta bushe ba. Na taɓa ce masa, "Hamma, saura ka zuba mata kanwa ta lasa." Bai yi dariya ba. Hamma ba ya dariya a kan amana.

Akwai abokin Mu'az, Muhammadu Sani bakanike, mai gareji a bakin titi. Shi ya zo ya ce mota ba ta son zama, ya roƙa a bar shi ya riƙa fitar da ita ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya zaga da ita ko zuwa bayan gari ne, inji ya yi zafi, batir ya sha caji. Da ƙyar Hamma ya yarda, kuma yana zaune a gaba yana dafe da ƙirji har su dawo. Aka yi haka kusan shekara biyu. Ran nan wani mai amalanke ya goge mata ƙofar baya, zane ɗan siriri, ko tsawon yatsa bai kai ba. Wayyo! Sai ka ce an yanke wa saniya wutsiya. Hamma ya karɓe makulli a nan bakin hanya, ya sa matasan unguwa suka turo ta har gida.

Muhammadu Sani ya biyo shi har zaure. "Malam Bakari, wallahi zaman nan shi zai kashe ta. Taya za ta tsage, fetur zai daskare a tanki, birki zai kama. Ga shi ka ajiye ta kusa da dusa, ɓera zai shige ta. In ba za a hau ba, ka sayar ka saya wa yarinyar wani abin."

"In sayar da kayan marainiya?" in ji Hamma. "Da wane bakin zan yi wa Mu'az bayani? Abin da aka hutar ba ya lalacewa. Wahala ke kashe dabba."

"Ai ba dabba ba ce."

"Na gode, Malam Sani. Ka gaida gida."

Ni ma na yi maganar har na gaji. Na yi da lallashi, na yi da faɗa, na yi ta bakin matarsa Asta. Ina! Hamma in ya kafe, gara ka je ka yi magana da turke. Ko ranar da Asta ta faɗi a bakin murhu, mota na tsaye a rumfa, ya fita da gudu ya nemo Keke Napep ya kai ta asibiti. Ya ce ba zai ƙona man marainiya a kan iyalinsa ba. Tun daga ranar Asta ta daina gaida shi da safe na wani lokaci, kuma ban ga laifinta ba.

Amatullah takan zo hutu daga Gadaka. Hamma yakan kai ta rumfa, ya ɗaga gefen tamfol ta leƙa, ya ce, "Ga abinki nan, yana jiranki." In ta ce, "Baffa, a tayar min mana," sai ya ce sai ta girma. Yarinya mai kunya, ba ta sake tambaya.

Shekaru suka yi ta tafiya. Tayoyi suka sace, suka kwanta. Hamma ya tara duwatsu ya tokare. Ruwan da yake kwararawa ya fara fitowa ja daga ƙarƙashi. Wata rana na shiga ɗebo harawa na ji wani wari, na ga ɓera ya fito daga wajen taya ya shige buhun dusa hankali kwance, kamar mai gidan. Na gaya masa. Sai ya samo kyanwa. Amma daga lokacin na lura ya daina wankin safe. Sai ya zo ya tsaya a bakin rumfa, ya gyara igiyar tamfol, ya juya. Ya san akwai abin da ke faruwa a ƙarƙashi, tsoron dubawa yake. Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai yanzu, ya faɗa min da bakinsa: "Ummul-Khair, na sani fa. Na sani, na rufe."

Su kuma karsanan nan ramammu da ya bar wa makiyayi a bayan Fika, Allah ya sa musu albarka. Wannan ta haihu, 'yarta ta haihu, har suka zama garke. Wani zai yi murna. Hamma kuwa duk ranar da aka aiko masa an samu ɗan maraƙi, ranar ba ya cin tuwon kirki. Ya ce min, "Nawa yana ƙaruwa, nata ban san halin da yake ciki ba. Kuma ni na zaɓa mata." Na ce to ka kira bakanike mana. Ya ce gobe. Goben nan ta yi shekaru.

Bana, bayan an gama girbin gero, Amatullah ta kira shi a waya. Ta gama makarantar koyon aikin jinya, an tura ta wani ƙaramin asibiti a wajen Fika, har ta koyi tuƙi a wurin kawunta na Gadaka. Ta ce tana nan zuwa ta karɓi motar babanta. Muryarta cike da murna, ina kusa, na ji.

Hamma da kansa ya taka har gareji ya ba Muhammadu Sani haƙuri. Shi ma bakaniken yanzu ya yi furfura. Suka zo da hantsi, Amatullah ta riga su isowa, tana tsaye kusa da ni da jakarta a kafaɗa. Aka yaye tamfol.

Daga sama kam, fara tas, ba abin da ya same ta. Har Hamma ya ɗan saki numfashi. Sai bakanike ya ja ƙofa, ta buɗe da ƙara, wari ya buge mu. Kujerun duk ɓera ya yi sheƙa a ciki, soso a warwatse. Ya ɗaga bonet: wayoyi a gutsure, batir ya kumbura ya yi farin gari, ƙaiƙayi da kashin ɓera ko'ina. Ya zaro sandar duba baƙin mai, abin da ya biyo ta kamar kwalta. Ya sa sifana ya gwada juya inji da dukkan ƙarfinsa, ko motsi. Ya durƙusa ya danna ƙasan motar da babban yatsa, yatsan ya shige, tsatsa ta zubo.

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Bai ce na gaya maka ba, Allah ya saka masa. Cewa ya yi, "Malam Bakari, inji ya kama, ƙasa ya ruɓe. Ko an kashe mata abin da ya fi kuɗinta, ba zan bar 'yar Mu'az ta hau titi da ita ba. Sai dai a sayar wa 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe."

Ban taɓa ganin Hamma ya zauna a ƙasa a gaban yara ba sai ranar. Ya zame jikin ginshiƙin rumfa ya zauna, ya cire hula. Na so in yi masifa, wallahi ta zo min har wuya, shekara da shekaru ina tara ta. Da na dubi ƙeyarsa sai tausayi ya kama ni, na haɗiye.

"Amatullah," ya ce, bai ɗago ba. "Na ci amanarki. Ba wanda ya cuce ki sai ni. An gaya min, na ƙi ji. Shanun da ke Fika, duk wadda ta fito daga karsanan ubanki na san ta, na san uwarta. Gobe zan je in ware miki su gaba ɗaya. Ki sayar ki sayi wadda ta fi wannan."

"Haba Baffa," ta ce, ta durƙusa a gabansa. "Rabonka ne halal. Wa ya riƙe min abu kamar yadda ka riƙe? Ni na yafe, duniya da lahira."

"Kar ki yi saurin yafewa. Ki karɓa, ko na samu in yi barci."

Suka yi ta ja. Na sa baki na ce ta karɓa, don na san yayana, in ba ta karɓa ba ciwo zai zame masa. Daga ƙarshe ta ce to. Na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka, na ce a raina alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Sai ta tashi ta zaga wajen direba, ta share kujerar da gefen mayafinta, ta zauna a kan soson da ya rage. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Da ta yi magana, da ni take, a hankali, ba ta san Hamma na ji ba.

"Goggo, ni fa ba don zuwa aiki na damu da ita ba, motar haya ma tana kai ni. Fuskar Baba sai a hoto na san ta. Muryarsa na yi ta ƙoƙari in tuna, ta ɓace min. Abu ɗaya ya rage min: in ya shawo kwanar layinmu, ina jin ƙarar motar nan tun daga ɗaki, in fito da gudu. Ita ma ta fara ɓace min. Na ce bari in zo in ji ta ko sau ɗaya."

Hamma ya miƙe da ƙyar. Ya laluba aljihun 'yar-cikinsa ya ciro makullin, ya dubi bakanike.

"Malam Sani, ba tafiya ba. Ta tashi kawai. Ko na ɗan lokaci kaɗan. Duk abin da za a kashe."

Muhammadu Sani ya dubi ƙasa. "In an sa mata wani injin za ta yi ƙara," ya ce. "Amma ba waccan ƙarar ba ce."

Washegari Hamma ya tafi Fika ya ware shanun, bai rage ko maraƙi ba. Amatullah ta sayi mota mai kyau, tana zuwa gaishe shi da ita duk ƙarshen wata. In ta tsaya a ƙofar gida yakan tashi ya tarbe ta, ya sa mata albarka, ya tambayi aiki da mutanen Gadaka. Amma har yau bai iya haɗa ido da ita ba.