Bikon da Na Je da Ham ɗin Tirela

Ko da zan manta da ranar ɗaurin aurena, ba na jin zan manta da ranar da na je biko Tamawa, a ƙasar Kurfi, cikin motar da na gada wajen mahaifina.

Motar tsohuwa ce, irin mai giya a jikin sitiyari, ta girme ni nesa ba kusa ba. A Dutsin-Ma kowa ya san ta, kuma kowa ya taɓa tura ta. Ni dai ba bakanike ba ne, amma duk ranar hutu kaina na cikin bonet. Wata rana na kwance kafireto, na rasa inda zan jiƙa shi a fetur, sai na ɗauko tukunyar miyar maiɗakina. Na wanke ta sosai bayan na gama, a ganina. Miyar kukar da aka yi washegari ita ta tona asiri. Maiɗakina ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki mayafinta ta tafi gidansu.

Surukina ya aiko cewa in zo da babba ranar Asabar kafin azahar, in kuwa ba haka ba in jira sai bayan girbi. Kawuna ya yarda zai raka ni.

A wannan makon ne na cire tsohon dainamo na sa altaneta, na sake wayoyin motar gaba ɗaya, na kuma ɗaura mata ham ɗin tirela a ƙarƙashin bamba. Waya naɗi ɗaya na saya, saboda haka kowace waya a motar ja ce. Ranar Asabar da safe na tada inji, ya ɗauka lafiya lau. Na danna ham, shiru. Na ce ba komai, mai zuwa biko ba ya buƙatar ham. Abin da ban sani ba shi ne, duk lokacin da na danna, fitilun birki ne ke kamawa a baya.

A ƙofar gidan Kawu na fara taka birki. Ƙarar da ta tashi sai da ta kori tumakin unguwar. Kawu ya fito da hula a hannu.

"Kai, ni kake wa ham? Fasinjanka ne ni?"

"Wallahi Kawu birki na taka."

"To birkin naka ba shi da tarbiyya."

Nan na gane na haɗa wayar birki da ham. Na zare fis, inji ya mutu, domin a kan fis ɗaya na ɗora komai. Na ce bari in shiga ƙarƙashi in cire wayar. Kawu ya dubi farar shaddar da ke jikina ya ce ba zai kai ni gaban surukai da baƙin mai ba, kuma rana tana yi. "Ka mayar da abin nan mu tafi. Ka daina taka birki kawai."

Haka muka kama hanyar Kurfi, ina rage gudu da giya. Inda dole ta sa na taka, masu babura sukan watse cikin gona, Kawu kuma ya ɗaga musu hannu kamar mai neman ƙuri'a.

Kowa ya san yadda suruki ke isa gidan surukai: a hankali, kai a ƙasa, takalmi a cire tun daga nesa, balle wanda ya zo ba da haƙuri. Don haka da muka shiga gari na kashe inji, na fitar da giya, na bar motar tana silalewa shiru, da niyyar ta tsaya da kanta. Na manta cewa layin gidan gangare ne. Birkin hannu kuwa tun zamanin mahaifina ya yi ritaya.

Ga surukina zaune a tabarma da dattawan unguwa, ga wake an shanya a gabansu, ga mota tana ƙara sauri.

"Taka!" in ji Kawu.

"Kawu, ham!"

"Taka don ubanka!"

Na taka. Muka tsaya dab da waken, ham na kururuwa. Na ɗaga ƙafa, mota ta ci gaba. Na mayar, ham ya dawo. Da na sa giya da ta tsaya cik, amma wannan dabara sai bayan kwanaki ta zo mini. Mata suka fito daga gidaje, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, don a tsammaninta amarya aka kawo. Ni kuwa ina zaune a kujera, ina gaida surukina ta taga da ƙarfi, da takalmina a ƙafa. Shi da kansa ya tashi, ya ɗauko dutse, ya sa a gaban taya. Sai duniya ta yi tsit.

Muka durƙusa. Kawu ya fara jawabin da ya shirya tun daga gida, surukina ya ɗaga hannu.

"Malam, dakata. In na ce ku je ku dawo, da wannan abin za ku dawo?"

"Ita ke gare mu, Alhaji."

Surukina ya juya wajen zaure. "Ke! Ɗauko mayafinki."

Maiɗakina ta fito tana danne dariya da bakin mayafi. Sharaɗinta biyu ne: sabuwar tukunya, kuma ita a babur za ta koma. Kawu ya ce shi ma babur zai hau. Ni kaɗai na tuƙo motar, su suna gaba, ina yi musu ham a kowane rami.

Tun daga ranar, duk gyaran da na yi sai na zagaya unguwa na gwada shi a tafe kafin in nufi inda ake jin kunya. Ina sayen waya kala-kala. Kafireto kuma yana da kwanonsa, tsohuwar tukunyar nan ce, an bar mini ita har abada.